Karatun Likita Kyauta a Amurka: Yadda Asusun Waƙafi ke Ɗaukar Nauyinsa da Waɗanda ke Cin Gajiyarsa

Tsakure

Daga shekarar 2018 zuwa yau, wasu fitattun makarantun koyon aikin likita a Amurka sun daina karɓar kuɗin makaranta daga hannun ɗalibansu, bayan attajirai sun zuba musu ɗaruruwan miliyoyin daloli a asusun waƙafi. Wannan takarda ta bi diddigin yadda irin wannan asusu ke aiki, da lissafin da ke sa gurbi ɗaya a aji ya zama kyauta har abada, da kuma abin da ya biyo bayan shelar. Matsayar takardar ita ce, yawan kuɗin asusu na iya raba ɗalibi da bashi, amma sharaɗin da aka gindaya wa kuɗin shi ke yanke wanda zai shiga makarantar da inda zai je aiki idan ya gama.

1.0 Gabatarwa



Ranar 26 ga Fabrairun 2024 aka tara ɗaliban Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein, wadda ke yankin Bronx a birnin New York, a babban ɗakin taro. Wata dattijuwa mai shekara 93, Dokta Ruth Gottesman, wadda ta daɗe tana koyarwa a kwalejin kan matsalolin da ke hana yara iya karatu, kuma a lokacin ita ce shugabar kwamitin amintattu, ta tsaya gabansu ta ce daga watan Agusta mai zuwa babu ɗalibin da zai sake biyan kuɗin makaranta. Ba ta rufe baki ba ɗakin ya kaure da sowa. Bidiyon ya nuna wasu sun miƙe suna tsalle, wasu sun rungume juna suna hawaye. 'Yan ajin ƙarshe ma ba a bar su a baya ba, an mayar musu da kuɗin zangon da suka riga suka biya. Abin da ta bayar dala biliyan 1 ne, daga dukiyar da mijinta David Gottesman ya bar mata da ya rasu a 2022, wato hannun jarinsa a kamfanin Berkshire Hathaway na Warren Buffett.

Ba a kanta aka fara ba. A watan Agustan 2018, wajen bikin sanya wa sababbin ɗalibai farar rigar likita, Jami'ar New York, wadda aka fi sani da NYU, ta yi irin wannan shela. A watan Yulin 2024 kuma gidauniyar Michael Bloomberg ta ba Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore dala biliyan 1, mafi yawanta don ɗaliban likitanci.

Babu mai imanin da zai ga matashi ya rabu da bashin da zai bi shi shekara ashirin bai taya shi murna ba. Sai dai aikin mai nazari bai ƙare a tafi ba. Akwai tambayar yadda kyautar wuni ɗaya ke zama alkawarin da ba ya ƙarewa, akwai kuma tambayar da ta fi ta nauyi, wato ko alkawarin ya kai ga waɗanda aka ce dominsu aka yi shi.

2.0 Nauyin da ake son saukewa

A Amurka ba a shiga karatun likita kai tsaye daga sakandare kamar yadda ake yi a Zariya ko Yamai. Sai ɗalibi ya yi digirin farko na shekara 4, ya zauna jarrabawar share fage, sannan ya yi wasu shekara 4 a makarantar likita, sannan ya shiga horon ƙwarewa a asibiti na shekara 3 zuwa 7 a kan ɗan albashi. A makarantu masu zaman kansu, kuɗin makaranta kaɗai kan haura dala 60,000 a shekara, ban da haya da abinci da littattafai. Alƙaluman Ƙungiyar Kwalejojin Likitanci ta Amurka, AAMC, sun nuna kusan 7 cikin kowane 10 na masu kammalawa da bashi suke fita, kuma matsakaicin bashin ya kai kimanin dala 200,000, yana ta hawa da kuɗin ruwa duk tsawon shekarun horo.

Hujja biyu masu goyon bayan karatu kyauta suka fi kafawa. Ta farko, tsoron bashi na korar 'ya'yan ya-ku-bayi tun kafin su cika takardar neman gurbi. Wani nazari da AAMC ta fitar a 2018 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na ɗaliban likitanci sun fito ne daga gidajen da ke cikin kashi 40 na sama wajen samu, yayin da gidajen da ke kashi 20 na ƙasa ba su samar da fiye da kimanin kashi 5 ba. Ta biyu, wanda bashi ya yi wa katutu ba zai zaɓi zama likitan iyali ko na yara a ƙauye ba, fannin da ya fi kawo kuɗi zai nufa. Ƙungiyar ta yi hasashen cewa zuwa 2036 ƙasar na iya fuskantar ƙarancin likitoci har 86,000, kuma kiwon lafiya a matakin farko na cikin inda giɓin zai fi yawa.

3.0 Yadda asusun waƙafi ke aiki

Mutane da yawa na zaton dala biliyan 1 ɗin nan ana ɗibarta ne ana biya wa ɗalibai har ta ƙare. Da haka ake yi, da a cikin shekara ashirin da 'yan kai an ga ƙarshenta. Ƙa'idar asusun waƙafi ita ce ba a taɓa uwar kuɗi. Juya ta ake yi a hannun jari, da takardun lamuni, da gidaje da filaye, da kamfanonin da ba su shiga kasuwar hannun jari ba, sannan a riƙa cire wani ɗan kaso, galibi kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, a yi hidima da shi. Saniyar tatsa ce, nononta ake sha, ranar da aka yanka ta kuwa an gama.

Mu ɗauki lissafin NYU, don shi ya fi fitowa fili. A 2018 kuɗin makarantarta dala 55,018 ne a shekara, ɗalibanta kuma kimanin 440. Idan aka ninka, abin da za ta rasa duk shekara ya kai kusan dala miliyan 24. Jami'ar ta ce tana buƙatar asusun dala miliyan 600, kuma a ranar shelar ta riga ta tara miliyan 450, cikinsu har da miliyan 100 daga Kenneth Langone, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Home Depot, da matarsa Elaine. Kashi 4 cikin 100 na miliyan 600 shi ne miliyan 24 daidai. Ma'ana, kafin gurbi ɗaya ya zama kyauta har abada, sai an ajiye abin da ya ninka kuɗin shekararsa sau 20 zuwa 25, wato dala miliyan 1.1 zuwa 1.4 a kan kowane ɗalibi. Haka lissafin Einstein yake: ɗalibai fiye da 700, kowanne kusan dala 59,000, jimla ta haura miliyan 40, abin da biliyan 1 ke iya bayarwa ke nan ba tare da ta rame ba.

Me ya sa ba a cire kashi 10? Saboda tsadar rayuwa. Idan farashi na hawa da kashi 2 ko 3 a shekara, kuma ana cire kashi 5, dole jarin ya riƙa kawo kashi 7 zuwa 8, in ba haka ba ɗalibin da zai zo nan da shekara 40 zai tarar da lambar kuɗin na nan amma ƙarfin sayensu ya zube. Masanin tattalin arziki James Tobin na Jami'ar Yale ya bayyana a 1974 cewa aikin amintattun irin wannan asusu shi ne su kare haƙƙin waɗanda ba su zo ba tukuna daga buƙatun waɗanda ke nan. A nan ne masu riƙon asusu da shugabannin tsangayu suka fi kai ruwa rana, domin buƙatar yau tana da baki, ta gobe kuwa ba ta da mai magana.

Matsala ta gaba ita ce kasuwa ba ta da alkawari. A shekarar kuɗi ta 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya girgiza, jarin asusun Harvard ya faɗi da kashi 27.3, asusun ya sauko daga dala biliyan 36.9 zuwa kimanin biliyan 26. Na Yale ya faɗi da kashi 24.6. Ɗalibin da ke aji biyu ba za a ce masa ya biya rubu'in kuɗin bana saboda kasuwa ta faɗi ba. Don haka jami'o'i suka ƙirƙiro dabarar daidaita cirewa. A tsarin Yale, kashi 80 na abin da za a cire bana ana ɗauko shi ne daga abin da aka cire bara, kashi 20 kawai ke bin darajar asusun a kasuwa. Ga misali da na sauƙaƙa: asusu na da dala biliyan 1, bara an cire miliyan 50, sai kasuwa ta faɗi ya koma miliyan 750. Da za a bi kashi 5 kai tsaye, miliyan 37.5 za a samu, an rasa rubu'i ke nan. Da wannan dabara kuwa, miliyan 40 ne daga lissafin bara, a ƙara miliyan 7.5 daga na bana, a samu miliyan 47.5. Giɓin ya koma kashi 5 maimakon 25. Amma a lura, miliyan 47.5 cikin 750 ya haura kashi 6, wato an soma cin uwar kuɗi da fatan kasuwa za ta farfaɗo. In ta farfaɗo, shi ke nan. In ta yi shekara biyar a kwance, alkawarin ya shiga haɗari.

An ga wannan haɗari ido da ido a Cooper Union, tsohuwar makarantar zane da injiniyanci da Peter Cooper ya kafa a New York a 1859. Fiye da ƙarni guda ɗalibanta ba sa biyan ko sisi, kuma babban abin da ke riƙe da ita shi ne filin da aka gina dogon benen Chrysler a kansa, wanda mallakarta ne. Sai hukumarta ta ciwo bashin dala miliyan 175 don sabon gini, kasuwa kuma ta juya baya, a 2014 aka fara karɓar kuɗin makaranta duk da zanga-zangar ɗalibai da ƙarar da aka shigar kotu. Tun daga lokacin take ta fafutikar komawa yadda take.

3.1 Me ya hana Harvard?

Tambayar da aka fi yi ita ce, in dai haka ne, me ya hana jami'ar da asusunta ya kai dala biliyan 53.2 a 2024 ta mayar da komai kyauta? Amsar ita ce asusun ba tukunya ɗaya ba ce. Ƙananan asusai ne fiye da 14,000, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin masu bayarwa sun ɗaure su da sharaɗi: wannan na kujerar farfesa a fanni kaza, wannan na ɗakin karatu, wannan na tallafin ɗalibai. Tun 1643, da wata attajira 'yar Ingila, Anne Radcliffe Mowlson, ta ba da fam 100 don tallafa wa ɗalibi mabuƙaci, ake tafiya a haka. Doka ta ɗora wa amintattu bin sharaɗin, kuma sauya shi sai da yardar mai bayarwa ko izinin kotu. Kusan duk jihohin Amurka sun rungumi dokar bai-ɗaya ta 2006 da ta tsara yadda ake riƙon irin waɗannan kuɗaɗe.

Wannan hujja gaskiya ce, amma ba ta wanke su fes ba. Gidauniyoyi masu zaman kansu a Amurka doka ta tilasta musu kashe aƙalla kashi 5 na dukiyarsu duk shekara, jami'o'i kuwa ba a ɗora musu wannan ba. Kuma jami'a ce ke zuwa wajen attajiri ta gaya masa abin da take so ya yi mata. Binciken shekara-shekara da ƙungiyar jami'an kuɗi na jami'o'in ƙasar ke yi ya nuna kusan kashi 48 cikin 100 na abin da ake cirewa daga asusai tallafin ɗalibai yake tafiya, sauran kuma albashin malamai, da bincike, da kula da gine-gine. Wannan kaso zaɓi ne da mutane suka yi, ba ƙaddara ba ce.

4.0 Wa ya ci gajiya?

NYU ce ta fi daɗewa a kan tsarin cikin manyan makarantu, don haka ita ce ma'auni. Shekarar da ta biyo bayan shelar, masu neman gurbi sun ƙaru da kusan kashi 47 cikin 100, kuma masu nema daga ƙabilun da ba su da yawa a aikin likita sun ninka. Amma gurbi bai ƙaru ba, ajin bai wuce ɗalibi ɗari da 'yan kai ba. Idan masu nema suka yi yawa gurbi kuma bai motsa ba, makin shiga ne ke hawa. Wa ke da maki mafi girma? Galibi wanda ya yi makaranta mai kyau tun firamare, aka biya masa darasin share fagen jarrabawa, ya samu sukunin yin hutu a ɗakin bincike ba tare da albashi ba, maimakon ya tsaya a kanti yana neman na haya. Ɗalibin da a da zai tafi Harvard ya biya, yanzu ya zo NYU kyauta. Mujallar The Atlantic ta ruwaito a 2024 cewa kason sababbin ɗaliban makarantar da aka lissafa a matsayin marasa galihu ya sauko daga kashi 12 a 2017 zuwa kashi 3 a 2019. Makarantar ta ɗaga a jerin gwanaye, wannan ba gardama. Ƙofar da aka ce za a buɗe wa talaka kuwa ƙara ƙunci ta yi.

Akwai kuma abin da kalmar kyauta ke ɓoyewa. Kuɗin makaranta aka ɗauke, haya da abinci a New York suna nan, kuma a 2018 sun haura dala 25,000 a shekara. Ɗan attajiri ya fita ba bashi, ya kuma ajiye wa mahaifinsa fiye da dala 200,000 da dama yana da halin biya. Ɗan direban tasi kuwa, in ba a haɗa masa da wani tallafin ba, sai ya ranci na zama har shekara huɗu. Kyauta ɗaya aka ba su, amma ba abu ɗaya ta yi musu ba.

Batun zaɓen fanni ma lissafinsa bai goyi bayan fatan da aka yi ba. Likitan ƙashi ko na zuciya a Amurka na samun kusan ninki biyu na abin da likitan iyali ko na yara ke samu. Bambancin shekara ɗaya tak ya kusa kai kuɗin makarantar shekara huɗu gaba ɗaya, ga shi kuma za a yi shekara talatin ana aiki. Ɗauke bashi na rage matsi, amma ba ya rufe wannan rata. Sannan makarantar da ke alfahari da bincike da manyan tiyata, ɗalibinta abin da ya ga ana girmamawa shi zai bi. Yawan likitoci kansa ba a ƙofar makaranta kaɗai yake tsayawa ba, domin tun dokar kasafi ta 1997 aka ƙayyade guraben horon ƙwarewa da gwamnatin tarayya ke biya, kuma ƙarin da aka yi daga baya kaɗan ne.

Einstein ce zan fi zuba wa ido. Bronx ce gundumar da ta fi talauci a birnin New York, kuma shekara da shekaru ita ce ta ƙarshe cikin gundumomi 62 na jihar wajen lafiyar jama'a. Dokta Gottesman ta nuna dattako, domin sharaɗin da ta kafa shi ne kada a sauya wa kwalejin suna a sa nata. Amma kyautar ba ta ɗaure kowa ya tsaya ya yi aiki a Bronx ba. Ko mutanen yankin za su ga ƙarin likitoci, wannan ya rataya ne a kan waɗanda kwamitin ɗaukar ɗalibai zai riƙa zaɓa.

5.0 Waɗanda suka bi wata hanya

Ba kowa ya raba kuɗin bai-ɗaya ba. Columbia, da kyautar dala miliyan 250 daga Roy da Diana Vagelos a 2017, da Weill Cornell da miliyan 160 a 2019, sun zaɓi su maye gurbin rance da tallafi ga mabuƙata kaɗai, har da kuɗin zama, mai hali kuma ya biya. Johns Hopkins ta tsaya tsakiya: gidan da samunsa bai kai dala 300,000 a shekara ba an ɗauke masa kuɗin makaranta, wanda bai wuce 175,000 ba an haɗa masa har da kuɗin zama. A ganina wannan ya fi kusa da adalci, ko da yake iyakar 300,000 ta haɗe kusan kashi 95 na gidajen ƙasar.

Inda aka ga sakamako a ƙauye kuwa, zaɓen mutum ne ya kawo shi. Tun 1974 Kwalejin Likitanci ta Jefferson da ke Philadelphia ke ware wasu 'yan gurabe ga waɗanda suka tashi a karkara kuma suka yi niyyar zama likitocin iyali. Wani bincike da aka buga a 1999 ya gano cewa duk da ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu kammala makarantun likita na jihar Pennsylvania ba, su ne kashi 21 na likitocin iyali da makarantun suka samar wa karkarar jihar. Shiri ne ƙarami, ba a yi masa shelar biliyan ba. Gwamnatin tarayya ma na da nata: akwai shirin da ke biya wa ɗalibi karatu shi kuma ya yi aƙalla shekara 2 a yankin da ba likita, akwai kuma jami'ar likitocin soja da ke Bethesda, inda ba a biyan kuɗi amma ana bin wanda ya gama hidimar shekara 7. Ita kanta NYU, reshenta na Long Island da aka buɗe a 2019 an gina shi ne musamman don likitocin matakin farko, shekara 3 ake yi, kuma a 2023 iyalan Langone suka ƙara masa dala miliyan 200.

Kyautar da na fi ganin ta faɗa inda ake buƙata ita ce dala miliyan 600 da Bloomberg ya ba asusan makarantun likita na baƙar fata a watan Agustan 2024: Howard, da Meharry, da Morehouse kowacce miliyan 175, Charles R. Drew miliyan 75. Bayan rahoton Flexner na 1910 kan ingancin makarantun likita, biyar cikin bakwai na irin waɗannan makarantu aka rufe, kuma har yau baƙar fata ba su kai kashi 6 cikin 100 na likitocin Amurka ba, alhali sun kai kusan kashi 13 na al'ummarta. Waɗannan makarantu dama mabuƙata suke ɗauka, abin da ba su da shi shi ne asusu mai kauri.

6.0 Iyakar abin da attajirai ke iya yi

Ɗaliban likitanci a Amurka sun haura 100,000. Idan muka ƙaddara kowanne dala 50,000 yake biya, biliyan 5 ke nan a shekara, kuma asusun da zai ɗauki wannan har abada sai ya kai biliyan 100. Duk kyaututtukan da na ambata in an haɗa su ba su kai biliyan 5 ba, kuma mafi yawansu sun tafi makarantun da dama suke da ƙarfi, domin attajiri makarantar da ya yi ko asibitin da ya kwanta yake tunawa. Kada kuma a manta cewa kyauta ga jami'a na rage wa mai bayarwa haraji, wato baitulmalin jama'a ma ya sa hannu, alhali jama'a ba su da ta cewa kan inda kuɗin ya nufa.

Sauran ɗaliban kuwa al'amari ƙara tsanani ya yi musu. Dokar da Shugaba Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ƙayyade rancen gwamnati ga sababbin ɗaliban likitanci a kan dala 50,000 a shekara, jimla 200,000, daga Yulin 2026, abin da bai isa cikakken karatu a makarantu da yawa ba. Dokar ta kuma ɗaga harajin ribar manyan asusai, wanda aka fara a 2017 a kan kashi 1.4, zuwa har kashi 8 ga jami'o'in da suka fi arziki. Yale ta ƙiyasta zai ci mata kimanin dala miliyan 280 a shekarar farko.

7.0 Abin da ya shafe mu

Mutumin da ke shugabantar Montefiore Einstein, wato uwar ƙungiyar da kwalejin Einstein ke ƙarƙashinta, kuma wanda ya shawo kan Dokta Gottesman ta yarda a bayyana sunanta, shi ne Dokta Philip Ozuah, haifaffen Legas, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Ibadan. Ba laifinsa nake gani ba, abin alfahari ne. Amma labarinsa ya nuna mana inda muke. Mu ma muna da karatun likita mai rahusa, gwamnati ce ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa, kuma amfaninsa na tafiya inda albashi ya fi tsoka, ko Ingila, ko Saudiyya, ko Amurka, ko kuma Abuja da Legas. Asibitin ƙaramar hukuma shi ke zama ba likita.

Tsarin riƙe uwar dukiya a ciyar da amfaninta ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa Sayyidina Umar game da gonarsa ta Khaibar. Da waƙafi aka riƙe asibitin Sarki Ƙalawun da aka gina a Alƙahira a 1284, da shi aka ciyar da ɗaliban Azhar, har da 'yan Barno da ke da nasu masauki a can. Malaman fiƙihu sun ba sharaɗin mai waƙafi nauyi ƙwarai, kuma abin da Amurka ta nuna a 'yan shekarun nan ya gaskata hangensu. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara na da hukumomin zakka da waƙafi, ga kuma masu hannu da shuni da ke gina wa jami'o'inmu ɗakunan kwana da azuzuwa, Allah Ya saka musu da alheri.

Sai dai ba za a kwafo lissafin New York a dasa shi a Kano ba. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, naira kuma ta sauko daga kusan 460 a dala ɗaya a farkon 2023 zuwa fiye da 1,500. Asusun da aka ajiye a banki da naira zalla a irin wannan yanayi, cikin 'yan shekaru zai zama suna kawai. Dole a sa shi a kadarorin da darajarsu ke tashi tare da farashi, irin su shaguna, da gidajen haya, da gonaki, da hannun jari na halal.

Kirana ga attajiranmu da majalisun gudanarwa na jami'o'inmu shi ne, duk wanda zai kafa irin wannan asusu ya zauna ya rubuta sharaɗinsa kafin ya kira 'yan jarida. Ya rubuta cewa mabuƙaci za a ba, kuma a haɗa masa da abinci da wurin kwana da littattafai. Ya ware gurabe ga 'yan ƙananan hukumomin da ba su da likita, musamman 'yan mata, domin mata da yawa a karkararmu likita mace suke nema. Ya ƙayyade shekarun da wanda ya amfana zai yi aiki a gida, da abin da zai mayar wa asusun in ya saɓa. Ya kuma wajabta wa amintattu su riƙa buga lissafin shige da ficen kuɗin duk shekara, kowa ya gani.